Ranar da Na Zama Wayar Garmaho

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa. Yanzu sai in shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni. Amma akwai wata Asabar guda, a shekarar da sojoji suka fara miƙa wa farar hula mulki, wadda ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Ita kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina saurayi, ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ina kuma haya a wani gida a Makera. A sashen duba yadi nake. Yadi na wucewa a gabanka a kan wani tebur mai fitila, kai kuma kana riƙe da ɗan almakashi, duk silin zaren da ya leƙo sai ka datse shi. Awa takwas a rana, shekara huɗu ina wannan aiki, har hannuna ya daina neman izinina. A cikin bas na sha datse zare a kafaɗar mutumin da ban sani ba. Wata Juma'a kuwa da ƙyar na riƙe kaina daga rigar wani dattijo da ke sahun gabana. Almakashin ba ya barin aljihuna, ko biki zan je.

Ɗakin da ke jikin nawa na abokina ne, mutumin kudancin Zariya, kamar yadda ake cewa a wancan zamani. Kirista ne, masaƙarmu ɗaya, shi yana sashen rini, don haka kullum hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu. Tukunyarmu ɗaya. Da Sallah shi ke riƙe mini ƙafar rago, da Kirsimeti ni ke yanka masa kaza don in samu damar ci. Mutum ne mai sanyin hali, ni kuma Allah ya yi ni da baki. Sau ɗaya na taɓa gyara wa matar mai gidanmu tocila, tun daga ranar aka sa mini suna Injiniya, ni kuma na karɓi sunan ban ko yi kara ba.

Abokin nan nawa ya samu wata malamar firamare zai aura. Yarinya mai hankali, iyayenta ma ba ruwansu. Matsalar kawunta ne. Bai daɗe da cin zaɓen ɗan majalisa ba, kwana kaɗan da rantsar da shi, kowa sai Honarabul, Honarabul. A wajen zaman shirin biki, a gaban dangi duka, ya dubi hannun abokina ya ce shi zai ɗauko 'yan bandi daga cikin gari su yi kiɗan liyafa, don ya san mai rini ba zai iya ba, kuma ba ya son a ji kunya a bikin 'yarsa.

Abokina ya dawo gida ya kwanta da takalmi a ƙafa. Na yi miyar kuɓewa, bai ko kalle ta ba. Da na matsa masa ya faɗa mini abin da ya faru, sai na ji kamar ni aka zaga.

Na ce, "Mutumina, tashi ka ci tuwo. Gobe ka je ka ce masa ka gode, amma kana da mai kiɗanka."

Ya ce, "Wane ne?"

Na bugi ƙirji. Na nuna masa kusurwar ɗakina, inda wasu kaya ke lulluɓe da leshi.

Kayan nan kuwa na saye su ne mako guda kafin nan, a gwanjon wani Bature injiniyan masaƙarmu da zai koma ƙasarsu. Garmaho ne na zamani mai aiki da wutar lantarki, da amfilfaya mai ƙara sauti, da sifika biyu kowace ta kai ƙuguna. Ranar gwanjon, kukun Baturen ya miƙo mini wani ɗan akwati baƙi, ba fitila ba ado, ya ce in haɗa da shi, tare suke. Na juya shi na ce me zan yi da gwangwani, na bar masa. Abin da ban faɗa wa abokina ba shi ne, tun da na kawo kayan ban taɓa jin muryarsu ba, don ba ni da faifai ko ɗaya. Amma na rantse masa cewa in na kunna su, motocin kamfen da suka hana mu sakat a watannin baya za su zama kamar masu raɗa.

Ya je ya faɗa wa Honarabul. An ce Honarabul ya yi dariya ya ce, "To, madalla. Za mu zo mu ji." Tun daga nan mutuncin abokina a gaban surukansa ya rataya a wuyana, ni kuwa ina ta yawo da shi ina fito.

Sai ranar Larabar makon biki faya-fayan suka iso, waɗanda matasan cocinsu suka tattaro aro daga gida-gida. Na dawo daga aiki, na yaye leshi, na shiga haɗa wayoyi. Ja da ja, fari da fari, abin ba wuya. Can sai na ga wata 'yar siririyar waya baƙa tana reto a bayan garmahon. Ba ta da fulogi, ba ta da abokiyar tafiya, ba kuma ramin da na ga za ta shiga. Wallahi ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Kafin in ankara almakashi ya fito, ƙyat, na datse ta daga tushe, na jefa a kwandon shara. Har na ja da baya na yaba aikina, ina mamakin yadda Turawa da duk iliminsu za su bar zare na reto.

Na ɗora faifai, na sauke allura, na murɗa amfilfaya har ƙarshe. Abokina na tsaye a bakin ƙofa ya toshe kunne yana jira. Abin da ya fito daga manyan sifikun nan bai fi kukan sauro ba. Sai ka kara kunne kafin ka gane kiɗa ne.

Ya sauke hannunsa a hankali ya ce, "Injiniya, ya fara ne?"

Na ce, "Yana ɗumama ne."

Na dai yi fuska. Washegari da aka tashi aiki na zarce bayan kasuwar Kakuri, wajen wani Malam mai gyaran rediyo. Dattijo ne siriri, da tabarau ɗaure da zare, ba ya gaggawar magana. Na kwatanta masa ciwon, amma na ce na wani abokina ne. Ya ce wannan ba ciwo ba ne. Irin wannan garmahon muryar allurarsa siririya ce ƙwarai, amfilfaya ba ta jin ta sosai. Sai an sa wani ɗan akwati a tsakaninsu, ana ce masa firiyam, shi zai ɗaga muryar ya miƙa wa amfilfaya, ita kuma ta miƙa wa sifika. Yana cikin bayani na tuna da kukun Bature da gwangwaninsa, ashe abin da na bar masa ke nan.

Ya ɗauko guda uku ya jera a kan tebur. Na farko shi ya haɗa da hannunsa a cikin gwangwanin biskit, har hoton biskit ɗin na nan a jiki. Na biyu baƙi ne ɗan madaidaici, maɓalli ɗaya gare shi. Na uku kuwa, jama'a! Fuskarsa kamar azurfa, maɓallai tara, fitilu kore, ga wasu allurai biyu a cikin gilashi da ke rawa in ana kiɗa. Ruwan ido bai kama ni ba ko na minti ɗaya. Tun kafin ya ajiye shi zuciyata ta riga ta kai shi gida.

Malam ya ce, "Kafin ka zaɓa, allurar garmahon abokin naka mai maganaɗisu ce ko mai dutse?"

Na ce, "Duka biyun."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "To. Wayar ƙasa fa, tana nan?"

Ban taɓa jin wani abu wai shi wayar ƙasa ba. Amma akwai mutum biyu a kan benci suna jiran rediyonsu, ɗaya ma ɗan unguwarmu ne da ya gaishe ni da Injiniya lokacin da na shigo. Na ce, "Tana nan lafiya lau, Malam."

Ya ce, "Da ka kawo garmahon na gani, da ya fi. Kuma in shawarata za ka bi, ɗauki na gwangwanin nan. Aikinsu ɗaya. Wancan fitilunsa ba sa ƙara wa kiɗa komai."

Na yi murmushin da masu ilimi ke yi wa tsofaffi. A raina na ce, in jera gwangwanin biskit a gaban Honarabul? Na ɗaga babban na ji nauyinsa, don a wajenmu kaya in ba nauyi ba orijinal ba ne. Na murɗa maɓallan ɗaya bayan ɗaya ina gyaɗa kai kamar na san aikinsu. Na ce shi nake so. Malam ya naɗe mini shi a tsohuwar jarida.

A gida na haɗa, kiɗa ya fito tangaran. Sai dai mai gidanmu ba ya son hayaniya, don haka kaɗan na buɗe. A ƙarƙashin kiɗan akwai wani ɗan gunji, uuuu, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Abokina ya ce, "Wannan ƙarar fa?" Na ce alamar ƙarfi ce, ai ko injin masaƙa ma yana gunji. Ya yarda, don shi mutum ne mai yarda da abokinsa. Har yau ina tuna yadda ya yi murmushi ya je ya kwanta hankalinsa kwance.

Ranar Asabar aka ɗaura aure a coci da safe. Liyafa kuma a filin makarantar firamaren da ke jikin cocin, bayan azahar. An jera benci-benci da kujeru a ƙarƙashin itatuwan mangwaro, an jawo wuta da doguwar waya daga gidan Fasto. Wayar ta zo ta ƙare daidai tsakiyar fili, inda ko inuwar tsinke babu, nan dole teburina ya zauna. Na sha sabon kaftani fari da hula, na jera kayana, fitilu kore na ƙyalli. Mutane sun fi ɗari biyu a ganina. Honarabul na babban tebur cikin babbar riga mai aiki, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kallona yana kaɗa makullin mota.

Mai gabatarwa ya ce ango da amarya za su fito rawa. Na ɗora faifai, na dubi Honarabul ido cikin ido, na murɗa amfilfaya har ƙarshe.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya fito ba. Wani gunji ne, buuuuu, kamar an ɗaure bijimi a cikin tanki. Kofuna suka kama rawa a kan tebur. Jarirai suka tsala ihu, wata akuya ta tsinke igiya, tsofaffin mata suka dafe kai suna kiran Yesu. Kiɗan yana can ƙasa an danne shi. Na rage, gunji ya ragu, kiɗa ma ya ɓace. Na ƙara, bijimi ya dawo. Na bi maɓallan nan tara ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san ni. Na ɗaga kai na ga ango da amarya tsaye a tsakiyar fili riƙe da hannun juna. Amarya ta sunkuyar da kai. Abokina kallona kawai yake. A babban tebur kuwa Honarabul ya kwanta a jikin kujera yana dariya har da share hawaye.

Zan faɗi gaskiya, tunda na tsufa. Na dubi ƙofar makarantar. Na auna tazarar da ke tsakanina da ita, na ga in na zuba da gudu, kafin a farga na kai titi, gobe in tattara kayana in koma garinmu. Ƙafata ɗaya har ta juya.

Jiri ne ya cece ni. Na ji ƙasa na juyawa, sai na dafa da hannu biyu don kada in faɗi. Hannun dama ya sauka a kan ƙarfen jikin garmaho, na hagu a kan firiyam. Nan take gunji ya ɗauke ɗif, kiɗa ya ɓarke, garau, mai daɗi, ya cika filin har bayan coci. Jama'a suka sa tafi da guɗa. Cikin murna na ɗaga hannu ɗaya don in amsa gaisuwa. Buuuuu! Na mayar da sauri. Kiɗa. Na ɗaga ɗan yatsa a hankali in gwada. Buu. Na mayar.

A nan na gane matsayina a wannan biki. Garmaho na wannan gefen tebur, firiyam na wancan gefen saboda gajartar wayoyin sifika, ni kuma a tsakiya, hannuwa a ware kamar mutum-mutumin da ake kafawa a gonar gero. In na tsaya haka, abokina na da biki. In na saki, ba shi da shi.

Na tsaya. Rana ta buɗe sosai, irin ta ƙarshen damina mai dafa mutum. Gumi ya fara daga hula ya bi ta bayan kunne ya gangara har cikin takalmi. Wani ɗan ja na wuta yana cizon tafin hannuna kamar tururuwa. Ƙuda ɗaya ya gano ba ni da hannu, ya je ya gayyato 'yan uwansa. Hancina ya kama ƙaiƙayi, na yi ta murguɗa fuska, wasu 'yan mata suka ɗauka da su nake, suka harare ni. Da aka lura rana na neman lanƙwasa faya-fayan aro, sai aka kawo lema aka kafa musu. Faya-fayan aka kafa wa, ni ko oho.

Canza faifai shi ne babban tashin hankali. Karon farko na saki hannu, bijimi ya yi kuka. Karo na biyu na ƙirƙiro dabara: in sunkuya in danna haɓata a kan firiyam, in yi sauri in juya faifai da hannun da ya samu 'yanci. Daga nesa sai ka ce ina yi wa akwatin gaisuwar sarki. Matasa suka ɗauka salo ne, duk sanda na sunkuya sai su yi mini tafi.

Ana rabon abinci ƙamshin shinkafa da naman akuya ya yi ta wucewa ta gabana. Uwar ango, wata 'yar tsohuwa da ta zo daga ƙauye, ita ce ta lura da ni. Ta zo da kwano, ta tsaya tana duban ni da kayan, sama da ƙasa.

Ta ce, "Ɗana, haka ake tuƙa shi?"

Na ce, "E, Mama. Irin na Turawa ne, sai da direba."

Ta ce, "Kai, Turawa ba su da tausayi. Buɗe baki."

Haka tsohuwar nan ta yi ta ba ni shinkafa da cokali a gaban jama'a, tana tsinka mini nama, tana kora ƙuda, tana goge mini gumi da bakin zanenta. Ta kafa mini kofin kunu a baki na sha. Rabon da a ba ni abinci a baki tun uwata na da rai. Na ji hawaye na neman zubowa, na bar shi ya bi gumi, ba wanda ya gane.

Na yi wajen awa biyu a haka sai na ji kiran sallar la'asar daga masallacin bakin kasuwa. Na shiga wani hali. Ga salla, ga biki ya yi zafi, fili ya cika da masu rawa. Ashe Fasto na lura da ni. Dattijo ne mai furfura, ya zo ya tsaya kusa da kunnena.

Ya ce, "Malam, an kira salla. Ba za ka je ba?"

Na ce, "Baba Fasto, in na saki, abin zai yi kuka."

Ya ce, "Na gani tun ɗazu. Nuna mini inda ake dafawa. Ba za a ce a harabar cocina wani ya rasa sallarsa saboda rawa ba."

Ya naɗe hannun riga, ya dafa nan, ya dafa can, na zare nawa a hankali. Kiɗa bai ko girgiza ba. Hannuwana suka ƙi sauka, haka na fita daga filin a ɗan ware kamar kazar da ta ji zafi.

Da aka sallame salla na juya dama, wa zan gani in ba Malam mai gyaran rediyo ba. Ya ce, "A'a, Injiniya! Ya firiyam ɗin abokin naka?"

A nan ne kayan da na daɗe ina ɗauke da su suka faɗi. Na ce, "Malam, ba wani aboki, nawa ne. Kuma ni ba injiniya ba ne, zare nake yankewa a masaƙa. Ban san allura mai dutse ba, ban san wayar ƙasa ba, ban san komai ba. Don Allah ka taimake ni, mutuncin wani ne a hannuna." Na ba shi labari duka.

Ya ce, "Yanzu wa ke riƙe da shi?"

Na ce, "Fasto."

Malam ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya shiga shago ya yanko waya kamar kamu huɗu, ya sa a aljihu, ya ce in hau bayan kekensa.

Muna shiga filin na ga abin da ya sa na kusa faɗowa daga keke. Ba Fasto ne a teburina ba. Honarabul ne, da babbar rigarsa mai aiki, hannuwa a ware, hula ta karkace, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Daga baya aka ba ni labarin yadda aka yi. Wai ya taso ne ya zo ya ga abin dariya da idonsa, daidai lokacin da aka kira Fasto ya sa wa kek albarka. Fasto ya ce, "Honarabul, ɗan dafa mini nan minti ɗaya," ya kama hannuwansa ya ɗora, ya yi tafiyarsa. Da Honarabul ya gane abin da ya shiga ya saki, bijimi ya yi kuka, sai filin gaba ɗaya ya ɗauka: "Honarabul, riƙe! Honarabul, riƙe!" Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ai don ka yi mana aiki muka zaɓe ka!" Mutumin da bai yi wata guda a kujera ba, ga masu ƙuri'a ɗari biyu na kallonsa, ina zai saki? Ya mayar da hannu, ya kafa murmushin kamfen a fuska, ya tsaya.

Malam ya gaishe shi da ladabi, ya zagaya bayan garmaho ya duƙa. Ya daɗe yana duban gurbin wayar nan da na datse. Ya ce, "Wannan dai ba ɓera ba ne. Ɓera ba ya yanka a miƙe haka."

Na ce, "Ni ne, Malam. Na ga tana reto."

Ya ce, "Ita ce wayar ƙasa. Duk ƙazantar wutar da ke taruwa a jikin garmaho, ita ke kwashewa. Da ka cire ta, sai ka maye gurbinta."

Ya fere ɗan guntun da ya rage, ya murɗa wayarsa a jiki, ya kai ɗaya bakin ya ɗaure a wani ɗan noti da ke bayan firiyam, wanda ni ban taɓa lura da shi ba saboda kallon fitilun gaba. Duka aikin bai kai minti biyu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, saki."

Honarabul ya ce, "Ka tabbata?"

"Saki, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya dubi jama'a. Ya ɗaga hannu ɗaya. Sannan ya ɗaga duka biyun sama. Kiɗa ya ci gaba abinsa, tsaf, ba gunji ko kaɗan. Filin ya kaure da tafi, mata na guɗa, ana "Sai Honarabul!" kamar shi ya gyara. Shi ma bai musa ba. Malam ya karɓi kwanon shinkafarsa, ya raɗa mini cewa da gwangwanin biskit na ɗauka ma haka zai yi, ya koma gefe ya zauna.

Gab da magariba, jama'a sun fara watsewa, ina naɗe wayoyi, ango na taya ni da kwat ɗinsa a jiki. Sai ga Honarabul ya nufo mu yana matsa kafaɗa. Na ce yau kam za mu sha. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi ango.

Ya ce, "Minti ashirin na yi a wurin nan, har yanzu ban san inda hannuwana suke ba. An ce shi wannan awa biyu ya yi." Ya juya ga ango. "Na zagaya ƙauyuka ina neman ƙuri'a, da mutane cike da mota. A cikinsu duka ban ga wanda zai tsaya mini a rana haka ba, in ba an cika masa aljihu ba. Surukina, maganar da na faɗa maka a gaban mutane, na janye ta. Ka fi ni arziki."

Ya kama hannun abokina, shuɗin hannun nan da ya raina, ya riƙe shi da hannu biyu. Kunya ta rufe ni, don na san ba jarumta ce ta tsayar da ni a rana ba, wautata ce. Na buɗe baki zan ce, "Ranka ya daɗe, ai ni na jawo," sai ango ya take mini ƙafa da sabon takalminsa, ya danna sosai. Na dube shi. Idonsa ya cika da hawaye, yana murmushi. Na rufe bakina, kuma ina jin wannan ne karo na farko a rayuwata da na yi hakan a kan lokaci.

Yau abokina na zaune a unguwar Romi da jikokinsa. A falonsa akwai hoton bikin: ango da amarya na rawa a gaba, can baya kuma ga wani siririn saurayi cikin farin kaftani, ya ware hannuwa, an kafa masa cokali a baki. Duk baƙon da ya tambaya, sai ya ce, "Ɗan'uwana ne."

Abu biyu na koya a wannan rana. Na farko, cewa "ban sani ba" ba ta kashe mutum. Da na faɗe ta ranar Alhamis a shagon Malam, da kunyar minti ɗaya na ji a gaban mutum biyu, maimakon ta awa biyu a gaban unguwa guda. Na biyun ya fi shiga raina. Mutum kan jefa wanda ya yarda da shi cikin rami da bakinsa, wannan na iya samun kowa. Abin da ake tunawa da kai shi ne abin da ka yi bayan nan. Ƙofar makarantar nan a buɗe take, ba wanda zai tare ni. Da na bi ta, da na tsira daga rana da ƙuda da dariyar mutane, na kuma rasa mutumin da har yau, in na yi kwana biyu ban leƙa ba, sai ya hau mota ya zo ya ga ko lafiya.